Kofin da Lubinda Ya Ci a Kabwata

In kana son ka ɓata wa 'yan wasan dodanni na unguwar Kabwata a Lusaka rai da sassafe, ba sai ka zagi uwar kowa ba. Ka ce musu kawai Lubinda Sitali yana gaishe su, wallahi sai ka ga mutum ya ture shayinsa. Bawan Allahn nan bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, bai taɓa ɗaukar abin wani ba, ko giya ba ya sha, amma tunda aka fara taruwa a bayan shagon abincin Amake Dalitso ba a yi wanda aka tsana kamarsa ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, da guminsa ya nemo tsanar.

Malamin koyar da tuƙi ne, ya ba arba'in baya, dogo, siriri, kullum riga a soke cikin wando. A Mongu aka haife shi. A makarantar kwana da aka kai shi manya suna jibgar ƙanana kamar sun samu jakai, to a can ya gano abin da ya zame masa addini: in ka dunƙule ka rufe kai ka yi shiru, hannun mai dukan ne zai fara gajiya. Da wannan ya shigo Lusaka, da shi yake cin abinci. Yini yake a kujerar mai zaman banza, ƙafarsa a kan birkin malami. In ɗalibi ya yi kuskure ba zai ce uffan ba, sai ya taka birki ya zuba wa titi ido, ko da duk motocin garin za su taru a bayansu suna oda, har sai ɗalibin ya gano laifinsa da kansa. Ya taɓa aure. Mutinta, matar, mai baki ce, in ta fara faɗa sai ya jawo kwanon nshima, tuwon masararsu, ya yi ta kai loma har ta yi ta gama ta rasa na cewa. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne ta kwashe kayanta ta koma Monze wurin iyayenta, ta ce ita mutum ta aura ba turmi ba.

Wasan kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, a waya ake yinsa. Kowa ya zo da dodanninsa shida, kowane dodo da dabaru huɗu da aka koya masa. Ka sako naka in sako nawa, ka zaɓi abin da zai yi in zaɓi abin da nawa zai yi, a gwabza, zagaye bayan zagaye, har na wani su ƙare. Kowace dabara tana da iyakar sau nawa za a yi ta, in ta ƙare ta ƙare ke nan. Mutanen kirki suna zuwa da masu aman wuta da masu sara da masu saukar da tsawa, a yi ta ta ƙare kafin shayi ya huce, a yi ihu, a tafa, a sake sabo. Abin da ke tara jama'a ke nan duk Asabar a ƙarƙashin rumfar kwanon nan, daga kwandastan bas har ma'aikacin banki, Amake Dalitso tana tuƙa nshima tana zagin duk wanda ya ɗora ƙafa a bencinta.

Shi ma Lubinda shida yake zuwa da su, amma biyar ɗin 'yan rakiya ne. Gogan shi ne Garu, wani ƙaton dodo mai kama da katantanwa, ƙoƙon bayansa na dutse, idanunsa ƙanana kamar na wanda aka tasa daga barci. Garu zai fara tofa wa dodonka dafi, irin wanda kowane zagaye yake ƙara ci. Sai ya shige ƙoƙo, duk abin da ka jefo ya bi iska. In ka yi sa'a ka fasa masa rabin jiki, ya lashe raunin ya dawo garau, kai kuma dafi yana ta aikinsa. Ka ce bari ka tsaya ka tara wa dodonka ƙarfi ka yi masa bugu ɗaya na ƙare dangi, sai ya busa wani hazo ya goge duk abin da ka tara. Duka fa? Babu. Ko marin sauro ba ya yi. In kuma ka kawo dodon da dafi ba ya kama shi, to ka gyara zama, domin za ka yi ta bugu yana warkewa har dabarunka su ƙare kaf, dodonka ya koma kai wa kansa karo don takaici. Ana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, to Lubinda kai yake dafawa, kana zaune kana kallo.

Shi fa a wajensa wannan ne wasan gaskiya, sauran duk tsalle-tsallen yara ne. Yana riƙe da lissafin dabarun abokin karawarsa a ka, ya san saura nawa kowacce ta ƙare. Abin da ya fi so shi ne lokacin da numfashin mutum zai canja, ya fara kaɗa ƙafa, ya fara yin ganganci. Sannan akwai abin da ba ya faɗa wa kowa. Ɗaki ɗaya gare shi a Chilenje, ba mata, ba ɗa, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Bencin nan na ranar Asabar shi ne kaɗai wurin da ɗan Adam yake zama a gabansa don kansa ba don lasin ba. Duk mako ranar yake jira.

Abin da ya fasa ƙurjin batun batir ne. Da yake masu wuta sun mai da ɗauke ta sana'a, soket ɗaya ne tak a shagon mai aiki da hasken rana, kuma saboda rigimar da ake yi a kansa Amake Dalitso ta kafa doka: ba a caji ana cikin wasa, wanda wayarsa ta mutu ya sha kashi. Ba wanda dokar ta dama, tunda wasa ba ya daɗewa. Lubinda kuwa ya je ya nemo wata tsohuwar waya mai kauri kamar bulo, ya rage haskenta har sai ya kanne ido yake gani, ya kashe mata sauti. Ran nan ya haɗu da Kondwani, wani matashi mai gyaran waya a Kamwala, ɗan gaban goshin rumfar, mai baki kamar reza. Tun hantsi suka zauna. Aka ci abincin rana aka wanke kwanuka suna nan.

"Mudala," in ji Kondwani, haka suke kiransa, wato tsoho, "don girman Allah ka doke ni mana! Ka kashe ni in huta!"

"Zagayenka ne," in ji Lubinda.

"Wannan wasa ne ko layin asibiti? Kai, jama'a, ku zo ku ga basir! Wannan ba garu ba ne, basir ne, duk wanda ya zauna da shi sai zama ya gagare shi."

Aka kwashe da dariya. Lubinda ya danna shiga ƙoƙo. Can da la'asar, saura dodo bibbiyu, wayar Kondwani ta yi ƙyaf ta ɗauke. Mai gyaran waya guda, a gaban mutane! Wani ya ce ya kai ta Kamwala a duba masa. Kondwani ya miƙe har benci ya kife, sai da mutum uku suka riƙe shi, yana rantsuwa yana kumfar baki cewa yau ko shi ko katantanwar nan a rumfar.

A take aka yi zama. Kowa yana da tabon da zai nuna. Wannan ya ce ya kawo ƙanensa ya koyi wasa, aka haɗa shi da Garu, yaron bai sake dawowa ba. Wancan ya ce budurwarsa ta yi ta jiransa a tasha har ta yi fushi ta tafi. Aka ce a ɗaga hannu a haramta dodon kowa ya huta.

Amake Dalitso ta riƙe ƙugu da muciya a hannu. "Ni abincina nake sayarwa, ba ruwana da dodanninku. Amma kai ma Lubinda ka ji tsoron Allah. Mutum biyu ku danne min benci tun safe a kan kwalbar lemo ɗaya?"

Lubinda ya bari suka yi suka gaji, kamar yadda ya saba. Amma ya san haramta Garu korarsa ce, ba shi da wani wasan da ya iya. Da suka lafa sai ya ce, a hankali, "Gasar ƙarshen wata tana zuwa. In aka samu wanda ya ci ni, zan goge Garu a gabanku da hannuna, ba za ku sake ganina ba. In na ɗau kofi, ba mai sake ta da maganar nan har abada."

"Na yarda!" in ji Kondwani tun kafin ya rufe baki. "Amake Dalitso, ke ce shaida."

Ashe Kondwani da abin da ya taka. Asabar ta gaba ya zo da wani siririn dodo mai sauri kamar ƙadangare, wanda ya koya wa dabarar da ake kira tsokana. In aka yi wa dodonka ita, jininsa ya hau ke nan: na 'yan zagaye ba zai iya ɓuya ba, ba warkewa, ba tofa dafi, sai duka kawai. To wanda bai iya duka ba fa? Kondwani ya sa wani abokinsa ya haɗa irin Garu sak, ya yi masa tsokana a gaban kowa, ƙaton banza ya yi ta gwara kansa da ƙasa har ya faɗi. Rumfa ta kaure da sowa. Kondwani ya ɗaga wayar ya kai ta saitin hancin Lubinda ya ce, "Mudala, ka fara yi wa basir ɗinka bankwana."

Makonnin nan Lubinda bai san me yake ci ba. Yana zaune a mota ɗalibi yana hawa kan kwalbati, shi hankalinsa yana kan ƙadangaren Kondwani. Daga ƙarshe ya ga hanya ɗaya ce, kuma mai ciwo. Dodo ba ya ɗaukar dabara ta biyar, sai ya manta ɗaya kafin ya koyi wata. Ya cire hazon nan da Garu yake da shi tun ranar da ya same shi, ya sa masa wata da ake kira ramuwa: ya tsaya a doke shi, ya mayar da dukan ninki biyu. Duka ce, don haka tsokana ba ta hana ta. Ƙadangaren zai yi tsokana, ya kawo sara da gadara, ramuwar ta raba shi biyu. Ya gwada ta da baƙin 'yan wasa na wasu ƙasashe da wani suna daban, ta ci, ta sake ci. Ranar da ya tabbatar, dariya ta kufce masa a cikin mota har ɗalibar da ke tuƙi ta firgita ta kashe injin. Wani abu ya shige shi da bai san shi ba a da. Ya ƙagu ya ga rumfar nan ta tashi tsaye a kansa, ko sau ɗaya, a ce kai, Mudala ya yi duka! Sai dai dole ya haɗiye, domin a wasan nan dabarun dodonka kafin gasa ko uwarka ba ka gaya wa.

Saura mako guda ya tafka ta'asar. Akwai wata Mapalo, ɗalibar aikin jinya, 'yar gajeriya mai gilashi, ita kaɗai ce a rumfar take zama da shi har ƙarshen wasa ba tsaki. In an gama ta ba shi hannu, har ta tambaye shi a wane zagaye ta yi kuskure. Shi ma yana ganin mutuncinta, ko da yake bai taɓa nuna mata ba. Ranar suka zauna wasan sada zumunci, shi yana ɓoye ramuwarsa yana wasa da dabaru uku, ita kuwa ta matsa masa lamba, ta kashe masa 'yan rakiya huɗu. Ana cikin haka aka kira ta daga asibiti, wata abokiyar aikinta ba ta zo ba. Al'adar rumfar ce tun fil azal, in aiki ya kira mutum ana tsakiyar wasa sai a yi canjaras, ba wanda ya ci.

"Mudala, an kira ni. Mu yi canjaras."

Lubinda ya duba lissafinsa. Dukanta mai ƙarfi ya kusa ƙarewa, in aka ƙara zama shi ke da wasan. Bai taɓa ba wa kowa canjaras ba a rayuwarsa.

"Lissafi bai ce canjaras ba," ya ce.

"Marasa lafiya ke jirana fa."

"Zagayenki ne."

Ta dube shi ta saman gilashi. Sannan ta danna farar tuta, wato ta miƙa wuya a wasan da take gaba, ta ɗau jakarta ta fita ba ta ba shi hannu ba. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa, har yana jin daɗin sirrinsa bai fita ba.

Ranar gasa ya riga kowa zuwa, da sabon aski, waya cike da caji. Amake Dalitso ta sauko da kofin daga kan firij ta goge shi da bakin zani. Aka yi ƙuri'a, ya faɗo da Chanda kwandasta. Chanda ya zauna, ya gaishe shi da ladabin da bai saba ba, aka buɗe wasa, dodanni suka fito. Kafin Lubinda ya taɓa komai sai ya ga rubutu a wayarsa wai ya yi nasara.

"Ka ci, Mudala. Barka," in ji Chanda, ya tashi ya koma kallon wani teburin.

Lubinda ya ɗauka tsoro ne, har ya ɗan murmusa. Na biyu, wani ma'aikacin banki, shi ma ya zauna, ya gyara wuyan riga, ya danna farar tuta a zagayen farko, ya tashi. Nan murmushin ya ɗauke. Ko'ina a rumfar ana gwabzawa ana ihu ana buga benci, shi kaɗai ne a zaune da hannu a cinya. Ya ce a ransa ba komai, Kondwani yana tafe, shi wannan girman kansa ba zai bar shi ya gudu ba.

Kondwani ya zo yana taunar rake, ya zauna ya miƙe ƙafa. Aka buɗe. Ga ƙadangaren nan ya fito, ga Garu. Lubinda ya kai yatsansa saitin ramuwa. Kondwani ya tofar da ɓawon rake, ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai gani, ya danna farar tuta.

"Me ke nan?" Muryar Lubinda ta fito da ƙarfin da ba a taɓa ji ba. "Ina tsokanar taka? Matsoraci!"

"A'a, ashe kana da murya?" in ji Kondwani. "Mudala, mun zauna mun yi tunani. Ko na kashe basir ɗin, sai ka jawo sauran biyar ɗin ka cinye min yini. Mu muke kawo maka Asabar ɗinmu kana ci. To mun daina. Kofi kake so? Ga shi can, ka ɗauka ka dafa."

"Ba haka muka yi da ku ba!"

"Cewa ka yi in ka ɗau kofi ba mai haramta shi. To wa ya haramta? Yana nan, halal ɗinka ne." Ya miƙe yana kaɗe wando. "Kuma kar ka harare ni, ba dabarata ba ce. Ni da so samu ne in farfasa shi."

A ɗaya ɓangaren Mapalo ce ta doke kowa ta fito wasan ƙarshe. Da ta zauna a gabansa rumfar ta yi tsit, har Amake Dalitso ta bar tukunya ta matso. Lubinda ya dubi yarinyar ya gane dabarar wace ce, kuma abin ya soke shi fiye da duk zagin da ya sha a wurin. Aka buɗe wasa. Ya ga babban yatsanta ya nufi kusurwar da tutar take.

"Mapalo, tsaya." Ya sassauta murya. "'Yata, tsaya ki ji. Na canja shi."

Ba ta ɗago ba.

Sai ya yi abin da ɗan wasa ba ya yi. Ya juya wayarsa, ya ƙure mata haske, ya ɗaga ta ga duk rumfar, dabarun Garu huɗu a fili kowa yana karantawa. "Ku duba! Na cire hazon. Ramuwa ce, ga ta nan. Yanzu yana duka, wallahi yana duka! Ki sako duk wanda kike so, kin ma ga abin da nake da shi. Zagaye uku kawai, ki ci ni ma na yarda."

Wani ya yi 'yar dariya daga baya, aka ce masa ya yi shiru. Mapalo ta dubi wayar, da gani ta fahimci kyan dabarar, domin ta fi duk sauran kai.

"Ta yi kyau, Mudala," ta ce. "Da ma makon jiya ka nuna min ita." Ta danna tutar.

Ba wanda ya tafa. Amake Dalitso ta ajiye masa kofin a gabansa, ta kawo nshima da soyayyen kifi na wanda ya ci gasa, ta ce, "To, ga shi, zakara," ta juya da sauri. Samari suka ɗaga benci biyu suka kai can ƙarshen rumfa, Kondwani yana shelar cewa yanzu za a yi wasan ƙarshe na gaskiya, shi da Mapalo. Nan da nan wuri ya ɗau zafi, ana tsalle ana kiran sunayen dodanni.

Lubinda ya zauna da kofi da abinci da wayarsa a hannu, Garu yana tsaye a ciki yana lumshe ido. Ko loma ɗaya bai kai ba. Can ya share murya ya ce, "Akwai mai wasa?" Ba wanda ya waiwayo. Ya miƙe tsaye ya sake faɗa da ƙarfi, daidai lokacin da Mapalo ta kayar da ƙadangaren Kondwani, ihu ya tashi ya danne shi.